Matuƙi daga Garwa na son komawa kamfanin jirage na Gabas ta Tsakiya

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum manyanmu. Matuƙin da ke da lasisin CCAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Kamaru, yana tuƙa jirgin Dash 8 Q400, ta ina zai fara?

Kyaftin na Njamena: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da littafin sa'o'inka. Lasisin ATPL, wato babban lasisin matuƙan kamfanonin jirage, na buƙatar sa'a 1,500 na tuƙi, ciki har da 100 na dare da 75 na tuƙi da na'urori kaɗai. Kowane shafi ya samu hatimin kamfani, jimilla ta dace da wasiƙar shugaban matuƙa. Nan ake yawan faɗuwa: in lissafi ya saɓa, sai a ajiye takardunka gefe. Kuma sa'o'in Q400 na jirgi mai farfela ne, manyan kamfanoni sun fi neman na jet.

Malamar Marwa: Lasisinka ba ya aiki a can kai tsaye. A Dubai, GCAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, za ta nemi CCAA ta tabbatar da shi a rubuce, mutanen Cadi kuwa hukumarsu ADAC za ta nema. Nemi wasiƙar tun kafin ka ajiye aiki. Ka gyara Turancinka ma: mataki na 4 na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, shi ne mafi ƙarancin da ake karɓa, kuma yana ƙarewa, sai na 6 ne ba a sabuntawa.

Kyaftin na Njamena: Gaskiyarki Hajiya. Sannan karanta yarjejeniyar horo da kyau. In suka biya maka horon sabon jirgi ka bar su kafin wa'adi, kai za ka biya ragowar. Kada ka bari kwana 90 su wuce ba ka yi tashi da sauka 3 ba.