Neman shawara: ina so ɗalibaina su kiwata kifi da hannunsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin darasin noma ne a wata sakandare a Daura. Shekara da shekaru ina zana kifi a allo, yara su haddace sassansa su ci jarabawa, amma babu wanda ya taɓa ba kifi abinci, alhali ga dam ɗin Daberam da na Sabke kusa da mu. Abin yana damuna. Shugaban makaranta ya amince, muna da rijiyar burtsatse da tankin roba mai lita 1000. Ta ina zan fara?

Mai kiwon kifi a Katsina:
Wa alaikumus salam Malam. Ka fara da tarwaɗa, bar karfasa tukuna. Tarwaɗa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jure kuskuren ɗan koyo. Ka zuba kamar 50, waɗanda suka ɗan tasa. Duk sati biyu ku ware manyan daga ƙananan, in ba haka ba su cinye 'yan uwansu. Da ka ji ruwan ya fara wari, ka canja. Kuma ka tanadi kuɗin abinci tun yanzu, shi ne yake cin jari.

Wata malamar kimiyya:
Malam, kada tankin ya zama naka kai kaɗai. Raba ɗaliban rukuni-rukuni, kowace Alhamis su auna kifi goma su rubuta nauyin, su lissafa abincin da ya shiga. Ruwan da kuka zubar kuwa taki ne. Ku yi komi biyu na alayyahu, ɗaya da ruwan kifi, ɗaya da ruwan rijiya, yaran su faɗa maka bambancin da bakinsu. A saka 'yan mata a awon don Allah, ba wankin tanki kawai ba.

Wani dattijo daga Dutsin-Ma:
Ɗana, duba lokaci. A hunturu, Disamba da Janairu, tarwaɗa tana rage ci, girma ya tsaya. Tana bukatar wata 4 zuwa 6 kafin ta kai sayarwa, dole hutu ya ratsa. Wa zai ba su abinci? Nawa sun taɓa mutuwa saboda na yi tafiyar sati ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode Baba, wallahi ban yi tunanin hutu ba. Akwai ɗalibai uku da gidajensu ke jikin makaranta, gobe zan je wajen iyayensu.