Ina ƙura mafi ƙanƙanta take ƙarewa idan mun shaƙe ta?

Ɗalibar kimiyya: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce ƙwayoyin ƙurar da girmansu bai kai nanomita 100 ba (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), irin na hayaƙin dizal, suna shiga har cikin ƙwayoyin halittar huhu. To ta wace ƙofa? Ni a sanina majina da 'yan gashin hanyar iska suna tare komai.

Mai koyar da ilimin jiki: Wa alaikis salam. Manyan suke tarewa, 'yar'uwa. Ƙananan ba su da nauyi, yawo suke yi a cikin iska har su kai jakunkunan iska na can ƙasa. A nan ruwan da ke shafe bangon jakar ya lulluɓe su da kitse da furotin, kuma wannan rigar ce ƙwayar halitta take gani. Sai fatar ƙwayar halittar ta lotsa, ta zagaye ƙurar, ta tsinke ta koma ciki a matsayin 'yar jaka. Yawanci ana kai ta laisosom, wani sashe a cikin ƙwayar halittar inda ake narkar da shara. Idan ba mai narkewa ba ce, sai ta daɗe a zaune.

Wani ɗalibi: Malam, ina makarofej, ƙwayoyin garkuwar jiki masu share huhun?

Mai koyar da ilimin jiki: Suna nan, amma sun fi iya haɗiye mai girman maikuromita 1 zuwa 3 (maikuromita ɗaya nanomita 1,000 ce). Ƙananan kan kuɓuce musu. Kaɗan ma suna tsallakawa jini, don bangon da ke tsakanin jakar iska da jini bai kai maikuromita ɗaya ba a wurare da yawa. Kaɗan fa na ce, kada a je ana tsorata mutane.