Me ke kakkaɓe min furen okid tun bai buɗe ba?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu harkar furanni. Don Allah ku agaza min da shawara, dabarata ta ƙare.

A Jos nake. Shekara biyu ke nan da na haɗa ɗan ɗakin shuka na leda da raga a bayan gida, na jera tukwane tara na okid, irin Phalaenopsis ɗin nan mai fure kamar malam-buɗe-littafi. A gawayi da ɓawon kwakwa na dasa su, ba ƙasa ko kaɗan, tunda a daji ma jikin bishiya suke maƙalewa. Da damina lafiya lau, saiwoyin kore shar.

Hunturu ne ke min tsiya. Tsinken fure zai fito, ya jera 'ya'ya shida ko bakwai kamar ƙwayar gurjiya, ina ta murna, sai su yi ɗorawa, su yanƙwane, da safe in tsince su a ƙasa. Bara haka, bana ma haka.

Na'urar auna danshi tana nuna min kashi 25 da rana, alhali 50 zuwa 70 suke so. Na ajiye farantin tsakuwa da ruwa a ƙarƙashinsu, bai canza komai ba. Na koma fesa ruwa da yamma, nan na yi wauta: ruwan ya kwanta a tsakiyar ganye, shuka guda ɗaya ta ruɓe.

To bushewar iska ce, ko sanyin dare da ke sauka har digiri 12? In toshe ragar gaba ɗaya da dare, ko rashin iska zai jawo min wani ruɓewar? Wanda ya taɓa tsallake hunturu da furensa a jiki, yaya ya yi?