Idan shugaba ya sauka, jam'iyyarsa ta wanku ke nan? Tambaya kan Birtaniya

Baban Sadiya, ƙasar Auyo
Juma'a, 21 ga Oktoba 2022

Assalamu alaikum. Ni manomi ne, shinkafa nake yi a fadama, bana kuwa ruwa ya cinye ta, Allah ya mayar da alheri. Tun da ambaliyar nan ta zaunar da mu ba ni da abokin hira sai rediyo. Jiya da daddare na ji Liz Truss, firaministar Birtaniya, ta ce za ta sauka, alhali ran 6 ga Satumba ta hau. Mako shida ke nan. Wanda ta gada, Boris Johnson, shi ma a watan Yuli 'yan jam'iyyarsu ta Conservative suka matsa masa lamba ya yi murabus.

Da safe mun yi musu a teburin mai shayi. Ɗan wana ya ce wannan shi ne ci gaba, mutum ya gaza ya ba da wuri. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Na ji an ce 'yan adawa suna neman a yi sabon zaɓe, kuma jama'a da yawa sun dawo daga rakiyar jam'iyyar gaba ɗaya, ba matar kaɗai ba. To wa yake sauke su, tun da ba zaɓe aka yi ba? Kuma in an cire mutum ɗaya aka sa wani daga gida ɗaya, talakan can yana hucewa? Ina tambaya ne don mu ma zaɓen Fabrairu na tafe, kuma wanda muka zaɓa har yau bai leƙo ya ga gidajen da suka rushe ba.

Malam Garba, Kafin Hausa

Wa alaikumus salam, Baban Sadiya. Allah ya mayar muku da alheri. Darasin gwamnati nake koyarwa a sakandare, bari in ɗauki tambayar farko.

Su ba sa zaɓen firaminista kai tsaye yadda muke zaɓen shugaban ƙasa. Kowace mazaɓa tana tura wakili ɗaya majalisa, kujeru 650 ne, shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye shi ke kafa gwamnati. Irin tsarin da muka yi zamanin Tafawa Ɓalewa ne, kafin mu ɗauko na Amurka a 1979. Saboda haka wuƙa da nama suna hannun 'yan majalisar jam'iyyarsa. Johnson ya kawo wa jam'iyyar Conservative kujeru 365 a zaɓen 2019, amma a Yunin bana da suka yi masa ƙuri'ar yanke ƙauna, 148 daga cikin mutanensa suka juya masa baya, 211 suka tsaya masa. A watan kuma suka faɗi zaɓen cike gurbi a mazaɓu biyu rana ɗaya. Nan kowane ɗan majalisa ya fara tunanin kujerarsa. Ran 5 ga Yuli ministan kuɗi Rishi Sunak da na lafiya Sajid Javid suka ajiye aiki, cikin kwana biyu sama da mutum 50 suka bi su. Ba yadda zai yi.

Ka lura da wannan: ita Truss masu katin jam'iyya ne kawai suka zaɓe ta, ƙuri'a 81,326, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 60. Shi ya sa ake cewa a mayar wa jama'a ƙuri'arsu. Doka kuwa ba ta tilasta zaɓe sai Janairun 2025.

Maman Ilham, Malam Madori

Malam ya yi bayanin tsari, ni kuma zan faɗi abin da nake ji daga bakin ƙanwata, domin aikin jinya take yi a wani asibiti a arewacin Ingila tun kafin korona.

Yaya, ba maganar haraji ce ta fara ɓata ran mutane ba. Lokacin dokar kulle, ita da hannunta ta riƙa riƙe wa marasa lafiya waya suna ban kwana da 'ya'yansu, saboda an hana dangi shiga. Ta sha kira na da tsakar dare tana kuka. Mutane sun bi doka, sun binne iyayensu da mutum ƙalilan. Daga baya sai ya fito cewa a gidan firaminista ana ta taruwa ana shagali. Har a daren da washegari za a binne mijin Sarauniya, a Afrilun 2021, ma'aikatan gidan sun yi walima, ita kuwa tsohuwar ta zauna ita kaɗai a coci saboda bin doka. 'Yan sanda sun ci tarar Johnson a Afrilun bana, shi da Sunak. Kuɗin ba su da yawa, fam 50 ne, amma ba kuɗin ne abin ba.

Sai ga tsadar rayuwa ta hau kai. Hauhawar farashi ta haura kashi 10 cikin 100, ga sanyi na shigowa, gas ɗin ɗumama ɗaki ya yi tsada tun da aka fara yaƙin Yukren. A wannan halin Truss da ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng suka fito ran 23 ga Satumba da shirin rage haraji na kusan fam biliyan 45, har da sauƙaƙa wa masu manyan albashi, ba su kuma faɗi inda kuɗin za su fito ba. Fam ya faɗi ƙasa warwas a kan dala, kuɗin ruwan bashin gida ya tashi. Ƙanwata ta shekara huɗu tana tara kuɗin sayen gida, yanzu ta haƙura. Ɗan abin da take aiko wa Inna duk wata ma ya ragu. A yanzu haka ƙungiyarsu tana kaɗa ƙuri'a kan shiga yajin aiki.

Don haka amsata ita ce a'a, ba sa hucewa. Ta ce abokan aikinta ba sa ma tambayar wa zai hau.

Alhaji Ɗanjuma, Ringim

'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, na girme ku duka, kuma na fi shekara arba'in ina bin labaran duniya.

Maman Ilham, kin yi gaskiya, amma ba kullum ba ne. A Nuwamban 1990 wannan jam'iyyar ta kayar da Margaret Thatcher bayan shekara 11 tana mulki. Babban abin da ya ci ta harajin kai ne, wanda mai kuɗi da talaka za su biya kusan daidai, har aka yi tarzoma a Landan. Mu mun san zafin wannan. Na ga yadda ake kama mutum a tsare shi kan haraji, na kuma ga murnar da aka yi a ƙauyukan nan da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin duk muna jihar Kano. To John Major da ya gaje ta sai ya yi watsi da harajin, kuma ya ci zaɓen 1992. An cire mutum, an kuma cire ƙayar da ke sukar jama'a.

Tony Blair na jam'iyyar Leba kuwa ya sauka a Yunin 2007, yaƙin Iraƙi ya riga ya zubar masa da mutunci. Gordon Brown ya hau, mutumin da ya shekara 10 yana ministan kuɗinsa. Ko da ya janye sojoji daga baya, matsalar tattalin arzikin 2008 ta same shi, 2010 mulki ya suɓuce musu. Waɗannan na yanzu shekararsu 12, sun yi Cameron, May, Johnson, Truss. Ƙayar tasu rashin yarda ce, ita kuwa ba a soke ta da doka.

Auwalu, Miga

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni dai ina tare da ɗan wan Baban Sadiya. Ko ba su huce ba, aƙalla 'yan majalisar can suna tsoron talaka, tsoron ne ya sa suka yar da shugaba biyu cikin wata huɗu. Mu tsarin mulkinmu ya ba mu damar kiranye, amma wa kuka taɓa ji an dawo da shi gida ta wannan hanyar a yankin nan?

Baban Sadiya, ƙasar Auyo
Talata, 25 ga Oktoba 2022

Na gode muku duka. Baba Alhaji, Allah ya ja kwana. Yau na ji Sunak ya hau, ba a ma kai ga ƙuri'ar masu kati ba, 'yan majalisa ne suka gama magana. Shi ne kuma wanda Maman Ilham ta ce an ci tararsa tare da Johnson.

Hajiya, maganarki ta taɓa ni. A 2020 kawuna ya rasu a Kano, an rufe iyakar jihohi, ban samu jana'izarsa ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Na haƙura ne saboda na yarda kowa haka yake haƙuri. Da a ce daga baya na ji wanda ya rufe hanyar yana can yana biki a ranar, wallahi ko wa jam'iyyarsa ta tsayar ba zan dangwala mata ba.

Malam Garba, don Allah ka yi min bayanin kiranyen nan da Auwalu ya ambata. Sa hannun mutum nawa ake buƙata a mazaɓa, kuma wurin wa ake kai takardar? Mu nan gidaje da dama har yanzu a ajin firamare muke kwana.