Da aka rufe lakwal (makaranta) a Nijar saboda korona, yaya kuka yi da ɗalibanku?

Mushen lissafi, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum malamai 'yan uwa na jihar Maradi. Tun da ambaliyar 2024 ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba nake son mu tattara abin da kowa ya gani a rufewar 2020, don wata rana za a iya sake cewa mu zauna gida. Kun tuna, 20 ga Maris aka rufe, aka ce sati biyu, sai ga shi mun kai 1 ga Yuni. Ajin 'yan brebe, wato masu jarrabawar ƙarshen kwaleji, ke hannuna a lokacin. Na buɗe masu gurup a WhatsApp, ina sa darasi da ƙarfe 8 na safe kamar yadda muka saba a aji, amma shiru. Salular ta mahaifi ce, shi kuma tun da sassafe ya fita da ita kasuwa ko tasha, ba ta dawowa gida sai bayan magariba. Dole na mayar da darasi bayan isha'i. Da rana in rubuta a kaye (littafin rubutu) da babban baƙi, in ɗauki hoto, da dare in aika, in zauna jiran tambayoyi. Ku fa?

Madam mai ajin CM2 (ajin ƙarshe na firamare), unguwar Ali Dan Sofo:
Wa alaikumus salam Malam. Ku maza da sauƙi. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, ga zafin Maradi, ga girkin buɗa-baki, ga nawa yaran su ma suna gida. Lokacin da na samu nawa na kaina shi ne bayan sahur: gida ya yi tsit, gari da ɗan sanyi. A nan nake ɗaukar murya. Bidiyo ban ma gwada ba, don mega (data) yake ci, iyaye kuma ba za su buɗe ba. Murya gajera, kada ta wuce minti uku, in karanta shifta da Faransanci a hankali, in maimaita, sannan in yi bayani da Hausa don uwar da ke kusa ta gane abin da ake nema wajen ɗanta. Wannan bayanin da Hausa ya yi aiki ƙwarai, iyaye mata da ba su yi boko ba suka riƙa tsare yara sai sun rubuta.

Abin da ya wahalar da ni kira ne. Lamba ta shiga hannun kowa, sai a kira ki kina tsakiyar tuƙa tuwo. Na roƙe su da girmamawa cewa daga azahar zuwa la'asar ne lokacin tambaya, kuma yawancinsu sun kiyaye.

Malamin ƙauye, yankin Dakoro:
Yaya Madam, Allah ya saka da alheri, amma ina karanta naku ina jin kamar ba ƙasa ɗaya muke ba. Inda nake koyarwa, rezon waya sai ka hau tudu. Sharjin salula sai wajen mai sola, ka biya dala ashirin ka jira. Masu babbar waya a garin ana iya ƙirga su da yatsu. Wane gurup zan buɗe?

Ga abin da na yi. Ranar kasuwa nake shiga da takardun da na kwafa da kuɗin aljihuna, in ba manyan ɗalibai, kowane ya raba wa na unguwarsu. Kasuwa mai zuwa in karɓi na baya in gyara, in ba da sabo. Taro an hana, don haka yaro ɗaya ko biyu nake tsayarwa a inuwa in nuna masu inda suka ɓata. Masu ƙoƙari sun riƙe, amma yaron da dama karatu ke ba shi wuya, takarda ba ta magana, ba mai yi masa bayani a gida.

Kuma komawar 1 ga Yuni ba ta warware mana ba. Damina na bakin ƙofa. Ruwan shuka na sauka, rabin aji ya tafi gona, ba ka da bakin hana uba ɗansa ranar shuka gero. Ajin zana ne da mu, hadari na tasowa sai a sallami yara. Watannin Maris, Afrilu da Mayu su ne cikon karatun ɗan ƙauye, su kuma aka rasa. Wannan har yau yana ci mini rai.

Malamin makarantar kuɗi:
Mu kuma iyaye suka daina biya, albashi ya tsaya. Da safe kabu-kabu nake yi, da dare in gyara aikin yara idan kuran (wutar lantarki) bai ɗauke ba. Megan ma daga kuɗin babur nake saye.

Tsohon direkta, Tasawa:
'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Akwai abin da ban ji kowa ya taɓa ba: 'yan mata. A gidaje da yawa an yarda a miƙa wa namiji salula, mace kuwa a ce ba ta riƙe waya da dare. Ga aikin gida da talla da suka ƙaru a kanta tunda ba lakwal. Da aka buɗe, kujerun da na tarar babu kowa galibi nasu ne, wasu an riga an sa masu rana. Waɗanda suka dawo mana, sai da muka taka gida-gida muka zauna da iyaye. Shawarata, tun ranar rubuta suna a karɓi lamba biyu, ta uba da ta uwa ko wata yaya da ke wuni a gida, a kuma rubuta unguwar kowane yaro don a san wa ke kusa da wa.

Mushen lissafi, unguwar Zariya:
Na gode Baba, wannan ta lambar uwa zan kai ta wajen direktanmu. Malam na Dakoro, ina da darussan lissafi na brebe da na rubuta a lokacin, suna nan a ajiye. Gaya mini motar da ke zuwa wajenku ranar kasuwa in ba direba ya kawo maka.