Wane suna ya dace da laulayin da ya zama ciwo?

Likitoci suna da suna na musamman ga ciwon da ke sa mai juna biyu ta yi ta amai ba ƙaƙƙautawa har ta kasa riƙe ko kurɓin ruwa, wato hyperemesis gravidarum. Mu kuwa mun haɗa shi da tashin zuciyar da yawancin mata kan yi a farkon ciki, duka muna kiran su laulayi. Wannan haɗin yana cutarwa, domin da an ce laulayi ne sai a ce mata ta yi haƙuri, kowace mace ta yi, wani lokaci har a zarge ta da raki, alhali leɓɓanta sun bushe, fitsarinta ya ragu ya yi duhu, tana yawo da mazubin tofar da yawu.

Ciwon yakan fara kafin mako na 16, yakan kama kimanin 1 zuwa 3 cikin mata masu juna biyu 100, kuma yana iya zaftare sama da kashi 5 cikin 100 na nauyin mace. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2023 ya danganta shi da sinadarin GDF15 da mabiyiya ke fitarwa, ke nan ba rashin juriya ba ne.

Abin da ya ƙara sa neman sunan ya zama wajibi shi ne batun jariri. Bincike a Amurka da Turai ya gano cewa matsalolin galahanga (autism), da rashin tattara hankali, da yawan fargaba sun ɗan fi yawa a cikin yaran da iyayensu suka yi wannan ciwo. Alaƙa aka gani, ba a tabbatar da cewa ciwon ne sanadi ba, kuma mafi yawan yaran suna tashi lafiya lau. Ana dai zargin ƙarancin abinci mai gina jiki a watannin da ƙwaƙwalwar tayi ke ginuwa.

Daga cikin sunayen Hausa da za a iya ba ciwon, "aman ciki" bai yi ba, saboda ciki yana nufin tumbi ma, kuma ya bar tashin zuciyar da kan fi aman azabtarwa. "Mugun laulayi" yana da saurin shiga kunne, amma ina gudun sa, domin kalmar mugu kan karkatar da tunani zuwa jifa da sammu, a yi ta neman magani inda babu shi. "Laulayi mai tsanani" daidai ne, sai dai yana kama da siffantawa, kowace mai tashin zuciya za ta iya cewa nata ne.

Ni na tsaya a kan "ciwon matsanancin laulayi". Ya riƙe kalmar da kowa ya sani, kuma kalmar ciwo da ke gabansa tana gaya wa miji da uwar miji cewa abin na asibiti ne, inda za a yi ƙarin ruwa, a ba da maganin amai da bitamin B1, wanda rashinsa kan taɓa ƙwaƙwalwar ita uwar kanta. Ina roƙon ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su gwada shi a bakin marasa lafiya, su faɗa mana ko ya zauna.