Muhawara: Shin girman turbo ne ke ba mota ƙarfi?

Mai Hilux: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai injin 2KD, lita 2.5, wadda nake ɗauko dankali da ita daga Jos, kuma takan yi nauyi a Hawan Kibo ko da kaya kaɗan ne a bayanta. An ba ni shawara in cire turbo ɗinta in ɗaura babba, wai gwargwadon girmansa gwargwadon ƙarfin mota. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Direban tirela: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya ba ka shawarar bai yi kuskure ba. Turbo ɗin motata ya kusa kai girman tukunyar tuwo, kuma da shi take jan tan talatin.

Makanike: Oga direba, ka manta cewa injinka ya ninka nasa sau huɗu ko biyar. Turbo farfela biyu gare shi a haɗe: hayaƙin da injin ke fitarwa ne ke juya farfelar baya, ita kuma ta juya ta gaba wadda ke cusa iska cikin silinda. Idan aka ɗaura babbar farfela a kan ƙaramin injin, hayaƙinsa ba zai isa ya tashe ta ba sai injin ya yi ƙara sosai, saboda haka Alhaji zai taka totur a tsakiyar hawa ya ji shiru, a daidai lokacin da ya fi bukatar ƙarfi.

Injiniya: Maganar malam makanike haka take, sai dai ba farfela kaɗai ake dubawa ba. A jikin gidan farfelar, wanda ya yi kama da katantanwa, akwai lambar A/R, wato faɗin mashigar hayaƙi idan an raba shi da nisanta daga tsakiyar farfela. Mai 0.63 yana tashi da wuri amma yakan shaƙe a babban gudu, mai 0.82 kuwa yana jinkiri sannan ya buɗe. Haka kuma a sunan turbo ɗin kamfanin Garrett mai lamba GT2860RS, lambar 60 ɗin faɗin farfelar iska ce a milimita. Wanda ya je kasuwa yana auna turbo da ido, to ya sayi gaibu.

Direban tirela: To me ya sa Hilux mai injin 1KD ta fi mai 2KD ƙarfi, in ba don turbo ba?

Injiniya: Da farko dai injin 1KD lita 3.0 ne. Sannan turbo ɗinsa yana da ƙananan fukafukai masu motsi a kewayen farfela, waɗanda ke tsukewa idan hayaƙi ya yi kaɗan su buɗe idan ya yawaita, don haka yana aikin ƙarami da na babba a jiki ɗaya. An fi samun irinsa a injin dizal, domin hayaƙin fetur ya fi zafi ƙwarai. Sai da Porsche ta nemi ƙarfe mai jure wuta kafin ta sa irin wannan turbo a motarta mai shan fetur, 911 Turbo ta 2006.

Makanike: Kuma iska ba ta aiki ita kaɗai. Idan kwamfutar motar ba ta ƙara mai ba, babu ribar da aka ci, idan kuma aka ƙara ba bisa lissafi ba, gaskit da fistin ne za su biya bashin. Alhaji, kafin ka kashe kuɗi, ka sa a cire matacin iska a duba shi, domin ƙurar hunturu tana toshe shi, sannan a bi robobin da ke kai iska injin a ga ko akwai tsaga.

Mai Hilux: Na gode, malamai. Rabona da canja matacin nan tun kafin damina, kuma ina jin wani fito idan na taka totur. Gobe da safe zan kai ta gareji.